Bakwai da Rabi: Lissafin Harajin VAT a Saye da Sayarwa



Harajin da aka ce in yi magana a kansa sunayensa da yawa. A Indiya da Kanada da Ostareliya GST ake ce masa, wato harajin kayayyaki da ayyuka. Maƙwabtanmu na Nijar suna cewa TVA, mu kuma a Nijeriya VAT. Wani jami'in haraji na Faransa, Maurice Lauré, shi ya tsara shi, aka fara aiki da shi can a 1954. Ya iso mana ta dokar soja mai lamba 102 ta 1993, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya zauna haka har 1 ga Fabrairun 2020, ranar da ya koma kashi 7.5. Tarihin ya isa haka, don lissafi ne ya tara mu.

Mu je Kantin Kwari. Alhaji ya sari dilar atamfa daga kamfani a kan Naira 1,000,000. Kamfanin ya ɗora bakwai da rabi, wato 75,000, rasit ya nuna 1,075,000. Bayan mako biyu ya sayar da dilar ga wani mai shago a Gusau a kan 1,200,000, ya ɗora nasa bakwai da rabin, 90,000, ya karɓi 1,290,000. To nawa hukuma ke bin Alhaji? Da yawa za su ce 90,000. Ba haka ba ne. Ya riga ya biya 75,000 ranar sari, don haka sai ya cire ta daga abin da ya karɓa, ya miƙa 15,000. Ku duba da kyau, 15,000 ita ce bakwai da rabin 200,000, ƙarin da kayan suka yi a hannunsa. Kowane hannu da kayan suka bi yana biya ne a kan ƙarin da ya yi kawai, har su isa ga matar da za ta kai turmin wajen tela. Ita ce ba ta da wanda za ta tura wa, ita ke ɗaukar nauyin duka.

Ke nan 90,000 ɗin nan ba ta taɓa zama kuɗin Alhaji ba, ajiya ce. Kuskuren da na fi gani shi ne a zuba ta cikin uwar kuɗi a ƙara sari da ita, sai ranar 21 ga wata mai zuwa ta kawo jiki, ranar da ake miƙa bayanin wata ga hukuma, a ga mutum yana neman rance don biyan abin da ya riga ya karɓa.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan zauna. Misalin da na bayar irin na kamfani ne, inda ake faɗin farashi sannan a ɗora haraji a kai. A kasuwarmu ba haka ake ciniki ba. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka ce ka sallama a 21,500. Wa ya isa bayan sallama ya ce saura na gwamnati? Ciniki ya faɗa, harajin yana cikin kuɗin, sai dai a zaƙulo shi.

Wani ƙanina mai shagon kayan wuta ya taɓa kawo mini littafinsa yana kukan riba ba ta fitowa. Na zauna da yaron da ke riƙe masa lissafi, na ce nuna mini yadda kake yi. Ya ɗauko kalkuleta, wadda lambobinta duk sun goge saboda dannawa, ya buga 21,500, ya ninka da 7.5 cikin ɗari, ta ba shi 1,612.50. Ya dube ni yana jiran yabo. Na ce masa to cire ta mu gani. Saura 19,887.50. Na ce ɗora mata bakwai da rabi, ko za ta dawo 21,500? Ba ta dawo ba. Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Ya ɗora haraji a kan haraji ne bai sani ba. Kuɗin da ke ɗauke da haraji a cikinsa kashi 107.5 ne, ba ɗari ba. Sai a raba shi da 1.075: 21,500 ta koma 20,000, harajin 1,500 daidai. Wanda ya fi son lissafin ka, ya raba da 43 ya ninka da 3, harajin zai fito, amsa ɗaya ce. Bambancin Naira 112.50 ba ya tsorata kowa, amma a cinikin wata na 10,750,000 haraji na gaskiya 750,000 ne, lissafin yaron kuwa 806,250. Kyautar 56,250 ke nan duk wata, ga hukumar da ba ta roƙa ba, ba kuma za ta yi godiya ba. Masu harka da Maraɗi, can kashi 19 ne, da 1.19 za ku raba: sefa 119,000 tana ɗauke da 19,000.

Ba kowane kaya ake ɗora wa ba. Abinci irin su gero da masara, magunguna da littattafai duk doka ta ɗauke musu. Haka a zamaninta Dokar Kuɗi ta 2019 ta sauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba nauyin karɓa da miƙawa.

Saura batun takarda. Waccan cirewa ta 75,000 da Alhaji ya yi, rasit ne ya ba shi ikonta, rasit mai ɗauke da sunan kamfanin da lambar harajinsa, da harajin a rubuce a layinsa daban. In a bayan kwalin sabulu aka rubuta masa, ko aka yi ta baka don an saba, jami'in haraji zai duba abin da ya karɓa, ya nemi shaidar abin da ya biya, ya rasa, ya rubuta masa 90,000 cif.