Gyaɗa Abinci, Gyaɗa Magani: Gane Borin Jinin Abinci ga Yara a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da iyaye, a Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan takarda ta dubi borin jinin da abinci kan jawo wa yara, a yankin da gyaɗa take cimar yau da kullum, take kuma ginshiƙin maganin tamowa. Ta bayyana yadda ake gane shi, da yadda ake rarrabe shi da cututtukan da suka yi kama da shi, da abin da za a yi idan ya tsananta. Matsayarta ita ce kurakurai biyu ne ke cutar da yaranmu: raina borin jini na gaskiya, da hana yaro abinci bisa zato.

1.0 Gabatarwa



Mutumin Ƙaura ba ya buƙatar a gabatar masa da gyaɗa. Bayan da titin jirgin ƙasa ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya tuƙe a garin nan a 1929, gyaɗa da auduga ne manyan kayan da aka riƙa lodawa zuwa kudu. Har gobe gyaɗa tana cikin kunun safe, tana cikin ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, da yajin tsire, da labun kilishi, da miyar taushe.

A 'yan shekarun nan kuma ta sami wani matsayi. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a yankunan Shinkafi da Zurmi. Sun tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa, kashi 5 kuma tasu ta yi tsanani. Abincin leda da ake ceto irin waɗannan yara da shi, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ke nan gyaɗa da madara, waɗanda duniya ta lissafa cikin manyan masu tayar da borin jini, su ne ke riƙe da rayukan dubban yaranmu. Wannan ya sa ba za mu kwaso maganar borin jini yadda ake yin ta a Ingila ko Amurka mu juye a nan ba. Sai mun auna ta da ma'aunin halin da muke ciki.

2.0 Mene ne borin jinin abinci?

Allah ya yi wa jiki garkuwa, aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar kan yi kuskure, ta ɗauki furotin na abinci mai kyau a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa sojojin jini na musamman da ake kira IgE. Duk ranar da yaron ya sake cin abincin, sai sojojin nan su sa wasu ƙwayoyin halitta su saki histamin da ire-irensa a fata da hanci da huhu da hanji. Daga nan ƙaiƙayi da kumburi da amai suke tasowa. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa wa yanayin suna a 1906, sai a shekarun 1960 aka gano IgE ɗin kansa.

Abincin da suka fi jawo shi sanannu ne, kuma dukansu suna kasuwanninmu: madarar shanu, wato har nono da kindirmo da madarar gwangwani, ƙwai, gyaɗa, waken suya da ake awara da shi, alkama ta burodi da taliya da alkaki, kifi, kirafish, 'ya'yan itace masu ƙwalfa irin su yazawa, sai riɗi na kantu, wanda Amurka ta ƙara a jerin da dole a rubuta a jikin kwalin abinci tun Janairun 2023. Borin madara da na ƙwai yakan rabu da yara da yawa idan sun tasa. Na gyaɗa kuwa ya fi naci, kusan yaro 1 cikin 5 ne kawai ke rabuwa da shi.

3.0 Yadda ake gane shi

Babbar shaida ita ce lokaci. Borin jini irin na IgE yakan bayyana cikin mintoci, da wuya ya wuce awa 2 bayan cin abincin, kuma yakan dawo duk sa'ad da aka maimaita abincin. Alamominsa marasa tsanani su ne rurumar fata mai ƙaiƙayi kamar cizon sauro da yawa, kumburin leɓe ko fatar ido, atishawa, hawaye, ciwon ciki ko amai.

Alamomin haɗari kuwa su ne kumburin harshe ko maƙogwaro, dushewar murya ko canjin kukan jariri, tari ba ƙaƙƙautawa, numfashi mai fito ko mai sarƙewa, fata ta koɗe ko leɓe ya yi duhu, jiki ya saki, ko suma. Wannan shi likitoci ke kira anafilaksis, kuma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Yaro mai asma ya fi shiga haɗari.

Akwai wani nau'in mai jinkiri, wanda aka fi gani ga jarirai masu shan madarar shanu ko ta gwangwani: ɗigon jini ko majina a kashi, amai mai yawa bayan wasu awanni, kircin fata da ya ƙi jin magani, da rashin ƙaruwar nauyi. A gidajenmu sau da yawa akan ce haƙori ne, a bar jariri yana ramewa.

4.0 Abubuwan da ba borin jini ba

A yankinmu wannan sashe ya fi kowane muhimmanci, domin ba kowane kumburi ne borin jini ba.

Kumburin tamowa yana farawa daga ƙafafu biyu, yana hawa a hankali cikin kwanaki, in ka danna da yatsa sai gurbi ya zauna. Na borin jini kuwa farat ɗaya yake zuwa, a leɓe ko ido, da ƙaiƙayi, ya sace cikin awanni ko kwana ɗaya. Uwar da ta rikita su, ta ce gyaɗa ce ta kumbura ɗanta ta janye abincin leda, ta janye maganinsa ne da hannunta.

Ƙyanda da zazzaɓi take zuwa, da jan ido da mura. Ƙazuwa ta fi ƙaiƙayi da dare, kuma takan kama 'yan ɗaki ɗaya. In mutum 5 suka ci tuwo ɗaya duk suka kama amai da gudawa, gurɓataccen abinci ne, domin borin jini mutum guda yake zaɓa. Yaron da cikinsa ke kumburi da ƙugi bayan ya sha madara, musamman bayan doguwar gudawa, galibi hanjinsa ne ya kasa narkar da sukarin madara. Hakan na da takura, amma ba ya shaƙe numfashi. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma guba ce ga hantar kowa, babba da yaro, maganinta shanya mai kyau da tsince ruɓaɓɓiya.

Ko gwajin jini ma ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Binciken da Abena Amoah da abokan aikinta suka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta a Gana ya nuna yara da dama na ɗauke da IgE na gyaɗa a jininsu, amma suna cin ta lafiya lau. An danganta hakan da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ƙera sojojin da ke rikita gwajin. Duk inda yara ke wanka a gulbi da tafki, wannan darasi ya shafe su. Labarin da uwa za ta bayar, me ya ci, yaushe, me ya biyo baya, sau nawa ya faru, ya fi takardar gwaji nauyi.

5.0 Haɗarin hana abinci bisa zato

Da ma muna da hane-hanen da muka gada. Akwai gidajen da har yau ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi da sata. In muka ɗora tsoron borin jini a kan wannan, aka hana yaro gyaɗa da nono da awara, me ya rage masa ban da kunun gero tsura? Garin neman gira sai a rasa ido.

Ilimin zamani ma ya juya baya ga hani. Shekaru da dama likitocin Turai sun yi ta cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa. Sai binciken Farfesa Gideon Lack na Landan, wanda aka wallafa a 2015 kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko borin ƙwai, ya nuna waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna jarirai borin ya ragu musu da kusan kashi 80 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda aka hana. Kakanninmu da suke ɗura wa 'yan yaye kunun gyaɗa ba su yi kuskure ba.

Don haka tsarin shi ne nonon uwa zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada. Daga nan a shigo da abinci ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da hantsi ba da dare ba, don a sami damar lura da yaro, a kuma sami abin hawa in ta kama. Gyaɗa a markaɗe cikin kunu, ba ƙwaya ba, don ƙwayar kan shaƙe ƙaramin yaro. Ƙwai a dafa shi ya nuna sosai. Jaririn da ke da kirci mai tsanani, a fara kai shi ga likita kafin a gwada masa gyaɗa ko ƙwai. Kada kuma a yaye jariri don an ga ƙuraje, ana cewa nono ya ɓaci.

6.0 Idan borin ya tabbata

Yaron da aka tabbatar yana da shi, a nisanta shi da wannan abincin kaɗai, a cike gurbin da wani mai gina jiki: wake, nama, kifi, zogale. A kula da inda abincin ke ɓuya. Mai borin gyaɗa ya kiyayi tsire da kilishi da kwaɗo da man ƙuli na gida. Mai borin madarar shanu kada a musanya masa da ta akuya ko ta tunkiya, domin furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Ludayi da ƙwarya da kaskon suya ma suna ɗaukar saura. A gaya wa kaka da kishiyar uwa da yayye da malamin boko da na allo, domin a gidajenmu yaro na kowa ne, kowa na iya miƙa masa loma.

Idan alamomin haɗari suka bayyana, magani na farko ɗaya ne tak: allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje, nan take. Ma'aunin da aka saba ga ma'aikacin lafiya, daga kwalba mai miligiram 1 a mililita 1, shi ne mililita 0.15 ga ɗan wata 6 zuwa shekara 6, 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, da 0.5 ga wanda ya haura 12. In babu sauƙi bayan minti 5, a maimaita. A kwantar da yaro a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya sarƙe a jingina shi zaune, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Kada a ɗura masa manja ko madara ko jiƙo. Piriton na kemis yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Ko ya farfaɗo, a riƙe shi a asibiti na wasu awanni, domin borin kan yi kome.

Kowa a ɗakin nan ya san halin hanyoyinmu. Uwar da ɗanta ya shaƙe bayan magariba a ƙauyen Zurmi ko Shinkafi ba ta da tabbacin isa babban asibiti, balle Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Dole maganin ya kasance kusa da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi su tabbatar kowace ƙaramar cibiyar lafiya tana da adirenalin da bai lalace ba, da sirinji, da jadawalin ma'auni manne a bango. Da ma ana tanadar sa cikin kayan ko-ta-kwana na masu rigakafi, abin da ya rage shi ne a faɗaɗa horon.

Na biyu, a cibiyoyin tamowa da ma akan ba yaro abincin leda ya ci a gaban ma'aikaci don a ga ko yana da marmarin ci. A yi amfani da wannan zama a tambayi uwa ko gyaɗa ko madara ta taɓa tayar masa da wani abu, a kuma dubi fatarsa da numfashinsa kafin a sallame su. Wanda aka yi shakka a kansa a tura shi ga likita, kada a mayar da shi gida hannu rabbana.

Na uku, a riƙa rubuta duk borin da aka gani a katin yaro da rijistar asibiti. Da haka za mu tara alƙalumanmu na kanmu, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin nan su sami abin nazari.

Na huɗu, limamai da masu unguwanni da ungozomomi da gidajen rediyo su isar da saƙon cewa yaron da ya kumbura ya shaƙe bayan cin abinci, asibiti za a nufa da shi a guje, ana tafe ana addu'a.

8.0 Kammalawa

Mafi yawan yaranmu gyaɗa da nono da ƙwai alheri ne gare su, kuma suna buƙatar ƙari, ba ragi ba. 'Yan kaɗan ne abincin ke zame wa haɗari, su ma amana ne a wuyanmu. Iyaye mata, ku lura, ku riƙe lokaci, ku faɗa mana abin da kuka gani. 'Yan'uwana ma'aikata, gobe da safe kowa ya buɗe akwatin maganinsa ya duba ko akwai adirenalin, ya karanta ranar lalacewarsa. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.