Injin Niƙa Da Mashayar Ƙauyen Brill: Abin Gado Ba Ya Tsare Kansa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan adana kayan tarihin gari. Mun ga ya fi kyau mu ɗauko misali daga nesa, domin sau da yawa mutum ya fi gane gidansa idan ya leƙa na wani. Za mu kawo tarihin wasu gine-gine biyu da ke maƙwabtaka a wani ƙauye na ƙasar Ingila: injin niƙa mai aiki da iska, da mashayar ƙauyen. Kafin wani dattijo ya ɗaure fuska, bari mu ce hukuncin giya a addininmu sananne ne, kuma ba yabonta ya kawo mu ba. Abin da muke bi shi ne yadda mutanen wani wuri suka hana abin da suka gada salwanta.

Sunan ƙauyen Brill. Yana kan wani tudu a lardin Buckinghamshire, kusa da birnin Oxford, kimanin mil 50 daga Landan, kuma mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sarki Edward, wanda ya rasu a 1066, yana da masauki a can inda yake sauka idan ya fito farauta a dajin Bernwood. Daga baya ƙauyen ya shahara da ginin tukwane da yin jan bulo. Har yau hurumin garin cike yake da ramuka da tuddai inda aka haƙi yumɓu, tamkar kududdufan da kakanninmu suka bari wajen ɗibar ƙasar gini. A bakin wannan hurumi injin yake tsaye, mashayar kuma tana dab da shi, tana fuskantar sa.

Niƙa da iska ba Turawa suka fara ta ba. Marubutan Musulmi na ƙarni na 10 sun ambaci irin waɗannan injuna a yankin Sistan na ƙasar Farisa, alhali a Ingila sai a ƙarshen ƙarni na 12 aka fara jin labarinsu. Na Brill, katakansa sun nuna an gina shi a wajejen 1685, don haka yana cikin mafiya tsufa da suka rage a ƙasar. Ɗaki ne na katako da aka ɗora dukkansa a kan ginshiƙi guda mai kauri. A gabansa akwai fukafukai huɗu, a bayansa kuma wata doguwar sanda wadda mai niƙa ke turawa ya juya ɗakin gaba ɗaya har ya fuskanci iska. Idan iska ta kaɗa fukafukan, sai su juya wata babbar ƙafa mai haƙora, ita kuma ta juya dutsen sama a kan na ƙasa, hatsi na zuba ta tsakiya, gari na fita ta gefe. Aiki ne mai buƙatar ido. In iska ta ɓullo ta bayan fukafukan, tana iya fizge su. In duwatsun suka ci gaba da juyawa babu hatsi a tsakaninsu, tartsatsi na iya haddasa gobara. In kuwa iska ta kwanta, sai mai niƙa ya zauna jira, in ta taso da tsakar dare ya tashi.

Ita kuwa mashayar, sunanta Pheasant, sunan wani tsuntsun daji mai dogon wutsiya, dangin fakara. Irin waɗannan sunaye suna da asali. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu irin waɗannan gidaje su kafa alama a ƙofa, kuma da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoton tsuntsu ko dabba ko kambin sarauta. A 1552 aka sa dokar neman lasisi daga alƙalan yanki. A 1830 kuma aka sassauta, har duk mai gida da ke biyan haraji ya sami ikon buɗe tasa da fam biyu da sule biyu.

A ƙauyukan Ingila aikin mashaya ya wuce sayar da abin sha. Nan baƙo ke sauka ya kwana, nan ake jin labarin farashin hatsi, nan ake gwanjon gona da gida. Ƙungiyoyin taimakon juna, waɗanda ke tara kuɗi domin mara lafiya da jana'iza kamar adashinmu, a nan suke taro. Har binciken mutuwar da ba a gane kanta ba a kan zauna yi a ciki. Wato abin da muka rarraba tsakanin zauren mai unguwa da gindin bishiyar kasuwa da teburin mai shayi, su sun tara shi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Injin da mashayar kuma gona ɗaya ke ciyar da su, domin alkama ta burodi ce, sha'ir kuma na abin shansu da abincin dabbobi.

To, sai zamani ya juya. A 1846 aka soke dokokin da ke tsauwala haraji a kan hatsin waje. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa, aka kafa manyan masana'antun fulawa masu aiki da tururi a bakin tashoshin jiragen ruwa. Injin da ke jiran iska ba ya iya gasa da wanda ke aiki dare da rana. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu, ranar da injin niƙa mai shan gas ya shigo gari, dutsen niƙan iyayenmu mata ya koma bayan ɗaki.

A nan ne darasin yake, domin abubuwa huɗu na ƙauyen sun fuskanci guguwa guda, amma ƙarshensu ya bambanta.

Na farko, akwai wani injin iska na biyu a hurumin. Tsawa ta faɗa masa, ba a sami mai gyara ba, aka rushe shi a 1906. Na biyu, ɗan layin dogon da wani basaraken yankin ya shimfiɗa, wanda ya iso Brill a 1872. Da fasinja suka yi ƙaranci, hukumar sufurin Landan ta rufe shi a 1935, aka kwashe ƙarafan. Waɗannan biyun amfaninsu ya ƙare, ba su kuma sami mai tsaya musu ba.

Na uku, mashayar. Ita ta rayu ne saboda ta sake sana'a. Manoma da masu yin bulo sun ragu, sai ta karkata ga sayar da abinci da ba da ɗakunan kwana ga baƙin da ke hawowa tudun domin kallon injin da shan iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun kai kimanin 60,000, amma kafin 2019 sun koma ƙasa da 50,000.

Na huɗu, injin da muke magana a kansa. Ya daina niƙa a farkon shekarun 1920. A 1947 ya koma hannun majalisar lardi. A 1967 majalisar ta tokare shi da ƙarafa daga ciki. Wannan ya hana shi faɗuwa, amma ya daskarar da shi, har abada ba zai sake juyawa ya fuskanci iska ba. Duk da haka ruwan sama ya ci gaba da shiga, katako na ruɓewa, har aka lissafa shi cikin gine-ginen da ke cikin haɗari. Sai a 2007 aka kafa kwamiti na musamman domin tsara gyaransa da nemo kuɗi. Aka sami tallafi daga hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila, aka kammala aikin a watan Yuli na 2009, aka sake buɗe shi ga masu ziyara. Ku lura, jama'a: shekara 60 yana hannun hukuma, amma bai tsira daga ruɓewa ba sai da aka sami wasu mutane sanannu da aka ɗora wa nauyinsa.

Wani ƙauyen ma ya bi wannan hanya. A 2003 mutanen Hesket Newmarket, a arewacin Ingila, sun ji za a sayar da mashayarsu tilo, sai fiye da mutum ɗari suka haɗa hannun jari suka saye ta da sunan jama'a. A 2011 kuma majalisar dokoki ta yi dokar da ta bai wa mutanen gari wata shida su tara kuɗi idan za a sayar da wurin da suka yi wa rajista a matsayin kadarar al'umma.

Ashe abin gado hanya biyu kawai yake da ita ta rayuwa: ko ya kasance yana da amfanin da ke ciyar da shi, ko ya sami mai shi wanda za a tambaya idan ya lalace. Wanda ya rasa duka biyun, nasa ya ƙare, ko da kowa na yabonsa da baki. Kuma waɗanda suka rayu suna tallafar juna: injin na jawo baƙi, masaukin na ciyar da su.

Yanzu mu waiwayo gida. Muna da tsohuwar rijiyar da ta shayar da kakanninmu, da karofin marina, da maƙera, da sauran ganuwa, da ajin farko na makarantar firamare inda yawancin manyan da ke zaune a nan suka koyi baƙi da wasali. Idan aka ce na wa ne, sai a ce na kowa. Abin kowa kuwa ba ya da mai yaɓa masa ƙasa kafin damina.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara huɗu. A rubuta jerin waɗannan wurare, a ɗauki hotonsu, a naɗi bayanin dattawa tun suna raye. A ba kowane wuri mutum biyu ko uku da sunansu, su kawo rahoto a taron baɗi. A keɓe wani kaso na kuɗin ƙungiya domin ƙananan gyare-gyare na kowace shekara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan duk wurin da zai iya komawa aiki, a mai da shi: tsohon aji ya zama ɗakin karatu, marina ta koyar da matasa rini. Idan za a yi gyara kuma, a nemi magina da suka san aikin ƙasa da azara, kada a lafta siminti a kashe abin da aka zo ceto.

Ranka ya daɗe, idan ƙauyen da bai kai unguwa biyu na garinmu ba ya riƙe ɗakin katako fiye da shekara 300, ba mu da uzuri.