Lambar Tasi 1729 da Allon Ajinmu



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan koyar da lissafi, sai muka ga ya dace mu fara da wata motar haya a birnin Landan. Wani shehin malamin lissafi na Ingila, G. H. Hardy, ya je dubiyar abokin aikinsa Srinivasa Ramanujan, mutumin kudancin Indiya, wanda ke jinya a unguwar Putney. Suna cikin hira sai Hardy ya ce lambar tasin da ta kawo shi 1729 ce, kuma bai ga wani abin sha'awa a tattare da ita ba. Majinyacin ya ce sam ba haka ba ne: ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ake samu ta hanya biyu idan aka haɗa kiyub biyu.

To, mu ɗauki alli mu gani. 12 sau 12 sau 12 ya ba mu 1728, a ƙara 1, an sami 1729. Haka kuma 10 sau 10 sau 10 dubu ne cif, 9 sau 9 sau 9 kuwa 729. A haɗa su, 1729 ce dai. Ba a sake samun irinta sai an kai 4104. Ramanujan ba shi ya fara lura da wannan ba, domin wani Bafaranshe, Frénicle de Bessy, ya rubuta shi tun 1657. Amma shi ya san lambar ne kamar yadda mutum ke sanin maƙwabcinsa.

Kiyub ya yi wa 'yan aji biyar nauyi, saboda haka muka gwada da lamba sau kanta. Muka jera 1, 4, 9, 16, har zuwa 100 a allo, muka ce a nemo mana lambar da ke fitowa ta hanya biyu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta kawo 50: 1 da 49, ko 25 da 25. Nan gardama ta kaure, wai ta yi amfani da 25 sau biyu. Ba mu raba gardamar ba, da gangan. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun tono 65 da 85.

A ranar mun ji kunyar kanmu. Sau nawa muka soke aikin yaro da jan biro alhali amsarsa daidai ce, don kawai bai bi hanyar da muka nuna ba? Ramanujan kansa ya faɗi jarrabawar kwaleji domin ya yi watsi da sauran darussa, kuma akawu ne a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras lokacin da ya rubuta wa Hardy wasiƙa a 1913.

Roƙonmu shi ne kowa ya gwada wannan a ajinsa, darasi ɗaya tak, ya zo mana da lambobin da yaransa suka samo a zama na gaba.