Kaluluwa da Ma'aunin Milimita 10: Lacca kan Hasashen Yaɗuwar Sankarar Maƙoshi

Maƙoshi ba shi da fatar waje irin wadda ta lulluɓe hanji, kuma hanyoyin ruwan kaluluwa da ke cikin bangonsa tsawonsa suke bi, sama da ƙasa. Shi ya sa sankarar da ta tsiro a tsakiyar ƙirji kan ɓulla a kaluluwar wuya ko ta saman ciki, ta tsallake na kusa da ita. Tsarin TNM na 2017, wanda ake tantance matakin sankara da shi, ƙirga kaluluwar da ta kamu yake yi: 1 zuwa 2, 3 zuwa 6, sai 7 zuwa sama. Gardamar tana kan yadda za a san adadin kafin a sa wuƙa.

Har gobe yawancin masu karanta hoton siti sikan girma suke aunawa: kaluluwar da faɗinta ya haura milimita 10 ta kamu, wadda ba ta kai ba lafiya lau. Wannan ƙa'ida ta daɗe da cin amanar marasa lafiya. Nazarin da van Vliet da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, wanda ya tattara binciken da aka yi kafinsa, ya nuna siti sikan na kama kashi 50 cikin 100 kacal na masu kaluluwar da ta kamu. Hoton PET ya kama 57, sikanin da ake zura wa ta cikin maƙoshi ya kama 80. Wato rabin masu cutar sai siti sikan ya wanke su, domin 'yan ƙwayoyin sankara kan zauna cikin kaluluwa ba tare da sun kumbura ta ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, sikanin cikin maƙoshi kan ɗora wa lafiyayyar kaluluwa laifi, kusan 30 cikin 100, kuma ba ya wucewa idan ƙari ya toshe hanya. A inda tarin fuka ya yi yawa, kumburarriyar kaluluwa a ƙirji ba hujja ba ce.

Kuskuren yana da tsada. Gwajin CROSS na ƙasar Holan a 2012 ya nuna waɗanda aka fara yi wa magani da gashin haske kafin tiyata sun kai matsakaicin wata 49 a raye, na tiyata zalla wata 24. Hoton ne ke yanke wa mutum layin da zai shiga.

Masu ɗokin radiyomiks, wato nazarin hoton asibiti da manhajar kwamfuta, na cewa kwamfuta na ganin zanen ƙari da ido ba ya gani. Wataƙila. Amma galibin waɗannan manhajoji a asibiti guda aka horar da su, mafi yawa a Sin, kan tsoffin hotuna, kuma sukan yi rauni da zarar an canza na'ura.

Abin da ya kamata shi ne a daina rubuta "babu yaɗuwa" bisa girma kaɗai, a haɗa siti sikan da PET, a tsira allura a ɗebo nama daga duk kaluluwar da sakamakonta zai sauya magani, kuma kada manhaja ta shiga ɗakin shawara sai an gwada ta a wasu asibitocin daban.