Dodon Meziko a Kan Dandali

A gidajen 'yan Meziko mazauna Amurka, iyaye kan tsorata yara da El Cucuy, wato Dodonsu, ko da La Llorona, fatalwar da ke kuka a bakin kogi tana neman 'ya'yanta. Amma yaron da aka haifa a Los Angeles, shi ɗan ƙasa, mahaifinsa kuwa ba takardun zama, jami'an hukumar shige da fice ta ICE ne ke hana shi barci. Yakan dawo daga makaranta gabansa na faɗuwa, ko zai tarar da babansa a gida.

Shi ya sa nake jinjina wa masu wasan 'yar tsana da ke kawo wannan fargaba kan dandali. Abin yana da tushe. A 1965 Luis Valdez ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta El Teatro Campesino a garin Delano, lokacin yajin aikin leburorin gonakin inabi, kuma 'yan tsana na cikin kayan wasansu. Maganar da ta yi wa yaro nauyi a baki, yakan iya faɗinta ta bakin 'yar tsana, iyayensa na zaune suna ji.

Dokar shige da fice kuwa ba ta sassauta ba. Shirin DACA na 2012 ya jinkirta korar waɗanda aka kawo suna ƙanana kawai, bai shafi iyayensu ba.