RANAR 31 GA OKTOBA: JAWABI A BIKIN CIKAR EKKLISIYARMU SHEKARA 50



Sa'ad da kwamitin biki ya tsai da ranar 31 ga Oktoba, dalilinsu shi ne ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, an kuma soma shigar da amfanin gona. Dalili ne mai kyau. Amma wannan rana tana da nata tarihi tun kafin kakanninmu su ji bishara, muna kuwa so mu tsaya a kansa kaɗan kafin a shiga karɓar gudummawa.

Ran 31 ga Oktoba 1517, a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, wani limami mai koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'a, sunansa Martin Luther, ya aika wa Babban Bishop Albrecht na Mainz wasiƙa tare da batutuwa 95 da ya rubuta da Latinanci. Matasa, ku lura, ba Martin Luther King na Amurka ba ne, wannan ya riga shi da shekara fiye da 400. Shekarunsa 33 a lokacin. An ce ya kuma kafa takardar a ƙofar majami'ar fada, gama kashegari ita ce Ranar Dukan Tsarkaka, ranar da jama'a sukan yi tururuwa zuwa can su ga ƙasusuwa da kayan tsarkaka da sarkinsu Frederick ya tara.

Me ya tayar masa da hankali? Kuɗi. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a garuruwan da ke kusa yana sayar da takardu. Ka biya, a ba ka takarda cewa an rage maka horon zunubi, ko kuwa an rage wa iyayenka da suka rigaya suka mutu. An gaya wa mutane cewa kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma, alhali kuwa rabinsa yana tafiya wajen biyan bashin da Albrecht ya ci a hannun attajiran gidan Fugger domin ya sami muƙaminsa. Talakawan Wittenberg suka riƙa ƙetare iyaka suna saye, su dawo su nuna wa Luther takarda, ba tuba, ba sake hali. Shi kuwa ya koyar cewa tuba aiki ne na dukan rayuwar mai bi, kuma gara ka taimaki matalaucin da ke ƙofarka da ka sayi wannan takarda. Wasiƙar Romawa 1:17 ce ta buɗe masa ido ya ga cewa ceto kyauta ne da ake karɓa ta wurin bangaskiya.

A 1521 Paparoma ya fitar da shi daga ekklisiya. A wannan shekara ya tsaya gaban Sarki Charles na Biyar a garin Worms, ya ƙi janye maganarsa. Abokansa suka ɓoye shi a ganuwar Wartburg, inda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin kamar mako 11. Aka buga shi a 1522, cikakken Littafin kuma a 1534. Mu da muka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ta wurin wahalar Likita Miller da abokan aikinsa, mun san daɗin jin Maganar Allah da harshen da kake ciniki da shi a kasuwa.

Ba mu ce Luther mala'ika ne ba. Bakinsa yana da zafi, abin da ya rubuta a kan manoma masu tawaye a 1525, da kuma a kan Yahudawa daga baya, abin kunya ne. Rabuwar ma ta jawo hawaye. Ran 31 ga Oktoba 1731, Babban Bishop na Salzburg ya sa hannu a dokar da ta kori mutane wajen 20,000 daga gidajensu da gonakinsu saboda bangaskiyarsu. Waɗansu a cikinmu sun taɓa barin gida da tabarma kaɗai, ba sai mun yi musu bayani ba. Amma Allah bai bar ranar a nan ba. Ran 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya cewa ta wurin alheri ake samun ceto. Ran 31 ga Oktoba 2016 Paparoma Francis ya yi sujada tare da Lutheran a Lund ta ƙasar Sweden. Shekarar da ta biyo, aka zaɓi ɗan ƙasarmu, Babban Bishop Musa Panti Filibus, ya shugabanci Lutheran na dukan duniya, ya riƙe har 2023.

Yanzu ku juya zuwa shafukan ƙarshe na wannan ɗan littafi. Za ku ga sunayen masu gudummawa. Muna gode musu ƙwarai, gini ba ya tashi da baki. Amma mun sha gani a wuraren biki, a kira mai ba da babban kuɗi a ba shi kujerar gaba, a manta da gwauruwar da ta ɗebo ruwa a ka sa'ad da ake kwaɓa ƙasar majami'a ta fari. Mu kanmu mun taɓa yin shiru a kan laifin wani saboda shi ya sayi kwanon rufi, har yau abin yana damunmu. Tetzel bai yi nisa da mu yadda muke tsammani ba.

Shekara ta hamsin a Littafin Firistoci sura 25 shekarar saki ce, bawa ya koma gida, gona ta koma hannun mai ita. Saboda haka mun roƙi dattawa abu biyu, sun kuwa yarda. Yau za a karanta sunayen masu bayarwa ba tare da faɗin yawan kuɗi ba. Waɗanda suka yi aikin ginin farko, waɗanda suke da rai har yanzu, su ne za su zauna a kujerun gaba. Matasa, ku taimaka ku kamo hannunsu.