AMSOSHIN WASIƘUNKU: Maganin Ƙwari A Gona Da Cikin Buhu

Yau wasiƙu biyu za mu amsa, kuma duk zancensu guda ne.

Ta farko daga wani manomin shinkafa ce a Kuchi, ƙaramar hukumar Kebbe. Ya ce ya yi feshi da rana tsaka, da ya dawo gida sai ciwon kai da jiri da amai, yawu na ta zuba. Aka ba shi madara da manja. Yana tambaya, shin maganin ke nan? Ya ƙara da cewa rubutun kwalbar duk Turanci ne, mai sayarwa kuwa bai ce masa komai ba.

To malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Amma gaskiya madara da manja ba sa karya guba. Abin da ka ji alamun guba ne, kuma ta fata da numfashi take shiga, ba sai an sha ba. In haka ta faru, a tuɓe tufafin, a yi wanka da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san irin gubar. Kada a tilasta wa mutum yin amai.

Batun Turanci kuwa, ka yi gaskiya, gargaɗin da mutum bai iya karantawa ba bai iso gare shi ba. Sai dai ka duba gindin takardar kwalbar, galibi za ka ga layi mai launi. Ja, guba ce mai tsanani, sau da yawa har da hoton ƙoƙon kai. Rawaya na bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Koren ma ba abin wasa ba ne, sauƙi dai ya fi. Lokacin da nake koyarwa a firamare, yara sun riƙe wannan a darasi ɗaya, balle kai.

Ka yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayanka. Ka sa riga mai dogon hannu da takalmi, ka rufe hanci da baki. Ban da cin goro ko shan taba ana cikin aiki. In bakin famfo ya toshe, kada ka hura da bakinka. Kada ka wanke famfon a gulbi ko tafki inda ake kamun kifi ana shayar da dabbobi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfon, a huda ta, don kada yara su zuba fura ko mai a ciki.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a Tambuwal. Ya ce kowa na zuba Sniper ko fiya-fiya a wake don kada ƙwari su ci, to ina laifin?

Alhaji, laifin babba ne. Wannan magani ba a yi shi don a cuɗa da abinci ba, kuma wanda zai dafa waken bai san an zuba ba, wataƙila ma iyalinka ne. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin wannan guba da aka samu a cikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna. Ka ga ashe ga hasarar lafiya, ga ta ciniki.

Akwai mafita. Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin za su rasa iska su mutu ba tare da magani ba. Jarka ko ganga mai murfi ma tana yi, in an cika ta an toshe da kyau. Ƙwayar nan kuwa mai fitar da hayaƙi da ake jefawa cikin buhuna, kada a kuskura a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, tana kisa.

Roƙona gare ku, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, a majalisa, a masallaci, da ranar kasuwa. Masu sayar da magani, ku yi wa mai saye bayani da Hausa kafin ku karɓi kuɗinsa. Abin da ya shige duhu a tambayi malamin gona, matambayi ba ya ɓata.

Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.